Cajar Waya a Cikin Takalmin Baba

Kwana ashirin da uku ke nan da kafa dokar zaman gida saboda annoba. An rufe makarantu. An rufe kasuwa. Titin da a da ba ya rabo da ƙarar motoci ya yi tsit.

A hawa na biyu na wani bene akwai gida mai ɗaki biyu da falo. Mutum biyar ne a ciki: Baba, Mama, Yaya, Auta, da wata yarinya 'yar shekara goma. Yarinyar nan akwai surutu. Shi ya sa 'yan gidan suke kiranta Rediyo.

Baba mai aski ne, amma shagonsa a rufe yake. Tun da aka fara kulle ya aske kan Yaya sau huɗu, na Auta sau biyar. Yanzu da Auta ya ji ƙarar injin aski sai ya shige ƙarƙashin tebur.

Mama kuwa tela ce. Ta ajiye kekenta a falo, tana ɗinka takunkumin fuska daga safe har yamma. Keke na ƙara, Auta na kuka, Baba na cewa a rage hayaniya. Haka gidan yake wuni.

Babbar waya guda ɗaya ce a gidan, kuma kowa yana bukatarta. Da ita yara suke shiga darasi. Da ita Mama take magana da masu sayen takunkumi. Da ita Baba yake jin labarai. Saboda haka Mama ta rubuta lokacin kowa a takarda, ta manna a jikin ƙofa. Yaya daga ƙarfe tara zuwa sha biyu. Rediyo daga sha biyu zuwa ɗaya.

Malamar su Rediyo ta ce ranar Laraba kowa zai karanta labarin da ya rubuta. Rediyo ta rubuta nata a kan wata tattabara da ta yi sheƙa a bakin tagarsu. Kwana uku tana gyara shi. Ta karanta wa Auta har ya haddace farkonsa.

Ranar Laraba, sha biyu na bugawa ta tsaya a kan Yaya.

"Yaya, lokacina ya yi."

Yaya ɗan shekara goma sha biyar ne. Yana bitar lissafi da malaminsu, domin washegari yana da jarrabawa ta waya. Ko ɗaga kai bai yi ba.

"Minti biyar," in ji shi.

Minti biyar suka wuce. Goma suka wuce.

"Yaya, za a kira sunana!"

"Ke, kashe rediyon nan. Ba kya ganin ina aiki?"

Sai ƙarfe ɗaya saura minti biyar ya miƙa mata wayar. Ko da ta shiga, an tashi daga darasi. Ƙawarta ta aiko mata da saƙo: "Ina kika shiga? Malama ta kira ki har sau biyu."

Rediyo ta kai ƙara wajen Mama. Mama ba ta tsayar da keke ba.

"Haba, ki yi haƙuri mana. Gobe yana da jarrabawa. Naki ai labari ne kawai."

Ta kai ƙara wajen Baba. Yana kwance a doguwar kujera, ya ɗora hannu a goshi.

"Don Allah ku bar ni in ji da abu ɗaya," in ji Baba.

Rediyo ta ninke takardarta ta cusa a jaka. Ranar ba ta ƙara cewa komai ba. Babu wanda ya lura cewa gidan ya rage surutu.

Da yamma kowa ya fita baranda shan iska. Rediyo ta dawo falo ita kaɗai. Ta ga cajar waya a jone bayan kujera. Ta tsaya tana kallonta. Sai ta zare ta, ta shiga ɗakin Baba, ta durƙusa a bakin gado. Baƙin takalminsa na fita yana can ƙasa, ya yi ƙura, don an yi makonni ba a sa shi ba. Ta naɗe cajar ta tura ta ciki.

"Bari ya ɗan sha wahalar nema," ta ce a ranta. "Da safe zan fito da ita."

Bayan an ci abincin yamma Yaya ya zo sa waya a caji.

"Wa ya ɗauki caja?"

Aka ɗaga kujeru. Aka zazzage kwandon ƙyallen Mama. Aka duba bayan firji. Ita ma Rediyo ta taya nema, har tana ɗaga filo.

Mama ta juya ta dubi Auta. Shekararsa huɗu, kuma an san halinsa. Ya taɓa jefa cokula a bokitin wanki. Ya taɓa ɓoye mabuɗin gida a cikin tukunya.

"Auta, ina ka kai caja?"

"Ban ɗauka ba."

"Faɗi gaskiya."

"Ban ɗauka ba, Mama."

Shaguna a rufe, ba inda za a sayo wata. Ba a shiga gidan kowa. Baba ya leƙa ta baranda ya ƙwala wa maƙwabcinsu na sama kira. Maƙwabcin ya zuro tasa cajar a cikin leda, ɗaure da igiya. Aka gwada, bakinta bai shiga ba. Aka mayar masa ta igiyar.

Yaya ya duba waya. Cajin da ya rage bai kai rabi ba. Ya kashe ta.

"Da safe a sake dubawa," in ji Baba.

Rediyo ta farka da wuri. Niyyarta ta ɗauko cajar ta jefa bayan kujera, a ce can ta faɗa. Awa biyu sun isa a cika waya. Amma da ta buɗe ido sai ta ga fanka a tsaye. Ta danna makunnin fitila. Babu komai. An ɗauke wuta.

Yanzu ko ta fito da cajar ba ta da amfani. Ta koma ta zauna a bakin katifa.

Ƙarfe tara aka fara jarrabawa. Tambayoyi arba'in ne. Dole kowane ɗalibi ya bar kyamara a kunne don malami ya riƙa ganinsa, kyamara kuwa tana shan caji. Mama ta tsayar da kekenta. Baba ya riƙe Auta a baranda. Yaya yana zaune a gaban tebur, yana lissafi a takarda da sauri, yana danna amsa.

Rediyo tana tsaye a bakin ƙofa. Tana hango alamar caji a saman waya. Alamar ta koma ja.

Yaya yana kan tambaya ta ashirin da biyu fuskar wayar ta yi baƙi.

Ya danna. Ya sake dannawa. Ya girgiza ta. Daga nan ya ajiye ta a hankali, ya kifa kansa a kan tebur. Bai yi ihu ba. Bai zagi kowa ba. Kafaɗunsa ne kawai suke motsi. Rediyo ba ta taɓa ganin Yaya yana kuka ba.

Ran Mama ya ɓaci. Ta kamo hannun Auta ta zaunar da shi a lungun falo.

"Nan za ka zauna har ka tuna inda ka kai ta. Kuma yau babu biskit."

Auta ya yi kuka har ya gaji. Da Rediyo ta zo wucewa sai ya riƙe gefen rigarta.

"Anti Rediyo, ban ɗauka ba," ya ce. "Ki gaya wa Mama."

Ta zare rigarta ta shige ɗaki. Aka kawo abinci, ta kasa ci.

Wajen tsakar rana fanka ta fara juyawa. An dawo da wuta. A kullum idan haka ta faru yara sukan yi shewa. Ranar babu wanda ya yi. Wayar tana kan tebur a mace.

Rediyo ta miƙe. Ta shiga ɗakin Baba ta fito da takalmin a hannu. Ta ajiye shi a tsakiyar falo.

"Me kike yi da takalmina?" in ji Baba.

Ta sa hannu ta zaro cajar.

"Ni na ɓoye. Ba Auta ba ne."

Keken Mama ya tsaya. Yaya ya ɗago kai, idanunsa jajir.

"Ke?" in ji Mama. "Kina kallo muna ta nema? Kina kallo na hukunta yaron nan?"

"Da safe na so in fito da ita. Sai aka ɗauke wuta."

"Me ya sa kika yi haka?" Baba ya tambaya. Bai ɗaga murya ba.

Sai hawaye ya ɓalle mata. Ta faɗi komai: labarin tattabara, kwana ukun da ta yi tana gyara shi, da yadda Malama ta kira ta sau biyu.

"Na gaya muku, babu wanda ya saurare ni."

Baba ya ce, "An yi miki ba daidai ba, wannan gaskiya ne. Amma dubi abin da kika yi. Ke darasi ɗaya kika rasa. Yayanki zai iya rasa sakamakon zango guda. Ƙaninki kuma ya sha hukunci a banza."

Mama ta je ta ɗauki Auta ta rungume shi. "Yi haƙuri, Autana. Na yi maka laifi."

"To biskit fa?" in ji Auta.

Aka ba shi biyu.

Da waya ta ɗan samu caji, Baba ya nemo lambar malamin lissafi. Ya miƙa wa Rediyo.

"Ke za ki yi masa bayani."

"Baba, ni?"

"Ai baki gare ki. Yau ranar amfaninsa ce."

Malamin ya ɗauka. Ana jin kukan jariri a bayansa, da ƙarar kwanuka. Rediyo ta gaishe shi, ta faɗi ko ita ƙanwar wane ce. Sannan ta gaya masa abin da ta yi, ba ta rage komai ba.

"Malam, ba laifin Yaya ba ne. Ya yi karatu sosai. Don Allah a taimake shi."

"Hmm," in ji malamin. "Doka ta ce ba a maimaita jarrabawa. Tun safe ɗalibai shida suka kira ni, kowa ya ce laifin waya ne. Ke kaɗai kika ce laifinki ne. Zan yi magana da shugaban makaranta. Amma ban yi alkawari ba."

Kwana biyu suna jira. Yaya ba ya yi mata magana. Idan ta shigo falo sai ya fita baranda. A gida mai ɗaki biyu ba a iya guje wa mutum da nisa, saboda haka suna ta cin karo a bakin banɗaki, kowa ya kau da kai. Baba ya hana ta kallon komai a waya har mako guda, sai darasi kawai. Ba ta yi gardama ba.

Ranar Asabar saƙo ya shigo. An yarda Yaya ya sake jarrabawa ranar Litinin, da sababbin tambayoyi.

Ranar Litinin, tun da sassafe Rediyo ta tabbatar waya ta cika. Ta goge tebur. Ta fere fensir biyu. Sannan ta ja Auta ɗaki ta rufe ƙofa. Awa ɗaya da rabi tana ba shi labarai cikin raɗa don kada ya yi hayaniya. Da labaran suka ƙare ta ƙirƙiro wasu.

Can aka ƙwanƙwasa ƙofa. Yaya ne, yana murmushi.

"Na gama. Arba'in cif."

"Yaya, ka yafe mini."

"Na yafe." Ya sosa kansa. "Ni ma na cinye miki lokaci. Ban kyauta ba. Jiya na sa Baba ya rubuta wa malamarku. Ta ce gobe ke za ki fara karantawa."

Rediyo ta daka tsalle har Auta ya tsorata.

Da yamma suka zauna a falo su biyar. Mama ta ce daga yau, bayan cin abinci, kowa yana da damar faɗin abin da ya dame shi, kuma ba mai katse shi. Ta ce ita ma za ta riƙa tsayar da keke idan ana yi mata magana.

Baba ya dubi yaransa ɗaya bayan ɗaya.

"Zaman nan ya ishi kowa," ya ce. "Ni ma ya ishe ni. Amma idan an ɓata maka rai, ka faɗa. Idan ba a ji ba, ka sake faɗa. Kada ka rama a ɓoye, don ramuwa takan wuce inda ka nufa, ta taɓa wanda bai yi maka komai ba. Idan kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri."

"Na ji, Baba," in ji Rediyo.

Ta ji ɗin kuwa. Dokar kulle ta ƙara makonni biyar kafin a ɗage ta. An yi ta ƙananan faɗa a gidan, kamar kowane gida. Amma duk lokacin da ran Rediyo ya ɓaci, a fili take faɗa, a gyara, a wuce.