Fuskar da Ya Goge

Ranar da ta fara shiga shagon buga hotuna da ke ƙasan ofishinsu, abin da ya tarbe ta wani ƙaton hoton amarya ne yana fitowa daga inji. An haske fuskar har hanci ya ɓace, ido biyu kawai suka rage kamar an ɗiga su a kan faranti.

"Wa ya yi wannan ƙazantar?" ta tambaya, ta yamutsa fuska.

Wani dogon saurayi ya leƙo daga bayan kwamfuta. "Ni ne. Haka masu shi suke so."

"Allah ya shirye ka, ya shirye su."

Maimakon ya ji haushi, dariya ya yi. Dogo ke nan, mai gyaran hotuna. Ita kuwa mai zane ce, tana tsara tambari da kwalayen kaya a kwamfuta. Baƙa ce wuluk, ga wushirya, ga ɗan tabo a haɓa. Tun tana ƙarama take zana fuskar kakarta a bayan littafin lissafi, ba ta barin ko tamoji ɗaya. Har yau duk fuskar da ta sa a aikinta, yadda Allah ya yi ta take barin ta, kuma kwastoman da ya ce a ƙara haske, ƙofa take nuna masa.

Aiki ya riƙa sauko da ita shagon. Tun tana zuwa da dalili, har ta koma ƙirƙiro dalilin. Shi kuma ya laƙaba mata suna, Tawada.

"Tawadata," ya rubuto mata wata safiya, "na buga aikinki sau uku don launin ya fito yadda kike so. Ki sauko ki yi mini faɗan da kika saba, na yi kewarsa."

"Ba ka da kunya," ta mayar. "Ga ni nan."

Da magana ta yi nisa, Dogo ya kai wa mahaifiyarsa hotonta. Umma ta daɗe tana yi masa tallan 'yar aminiyarta, wata fara sol, amma da ta ga hoton sai ta saki. Ta ce a kawo mata yarinyar.

Tawada ta je gaisuwa da murnarta, ta durƙusa har ƙasa. Umma ta dube ta, ta dubi ƙofa, kamar akwai wata a baya.

"'Yata, ita ba ta samu zuwa ba ne?"

"Wa, Umma?"

Umma ta miƙo hoton, Tawada ta duba. Mayafin dai nata ne, 'yan kunnen ma nata. Fuskar ce ba ta san ta ba.

Washegari Tawada ta shiga shagon ba sallama, ta ja kujerar Dogo ta zauna gaban kwamfutar. Ta buɗe hoton. Gyara huɗu ya jera, ɗaya bisa ɗaya, kowanne da sunansa: haske, hanci, haƙori, haɓa. Ta riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya tana kallon kanta tana dawowa. Ta juyo ta dube shi.

"Wallahi hannuna ne ya saba," Dogo ya ce. "Duk hoton da ya shigo nan haka nake masa, ban ma yi tunani ba."

"Hannu ne ya rubuta 'hanci'? Zama ka yi, ka ƙare mini kallo, ka lissafa abin da ba ka so. Ka je ka auri ta cikin kwamfutar, ai kai ka haife ta."

Ta fita. A gida kuma Umma ta kafe, ta ce ita wadda aka nuna mata ta amince da ita, ba za a yi mata sakiyar da ba ruwa ba.

Kwana tara yana turo saƙo.

"Tawadata, na duba asalin hoton yau. Ban ga abin gyara ba sai ni."

Ta karanta, ta yi tsaki, ta kife wayar. Son shi na nan daram, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Dogo ya buga asalin hoton a takarda mafi tsada a shagon, ya kai wa Umma. "Wannan nake so. Waccan ni na ƙera ta, babu ita a duniya."

Umma ta riƙa jujjuya hotunan biyu. Can ta ɗaga kai ta dubi nata hoton da ke rataye a falo, wanda shi ya buga mata shekara biyar da suka wuce. Ta tashi ta matsa kusa, ta sa tabarau.

"Ina tabon girata?"

"Umma, ai na ɗan..."

"Tabon da na samu ranar da na faɗi da kai a goye, na tare da fuskata don kada kanka ya bugu? Shi ka share?" Ta tafa hannu. "Shekara biyar ina gaisawa da baƙuwa a falona, ina cewa kyamara ce mai kyau. Tir da wannan sana'a taka!"

Da kanta ta hau benen ofishin, tana haki, ta sami Tawada a gaban allon zanenta.

"'Yata, ni da ke jirgi ɗaya ya kwaso mu. Na zo ki zana ni yadda nake. In kin gama, ki taimaka ki karɓi sakaran nan, don in ba ke ba, ban ga mai gyara shi ba."

Tawada ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta ɗauko fensir ta fara daga girar.

Ba ta sauko da wuri ba. Sai da Dogo ya yi wata guda yana mayar da masu neman haske, maigidansa na zaginsa, kafin ta amsa saƙonsa da kalma biyu: "Turo manya."

Ita ta tsara katin bikin, shi ya buga, tana tsaye a kansa. Ranar ɗaurin aure Umma ta kama hannuwansu ta haɗa, ta daɗe tana kallon amaryar.

"Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya. Ya ba ku 'ya'ya masu kama da uwarsu sak, har wushiryar."

Duk falon aka amsa, amma amin ɗin Dogo har waje aka ji shi.