Warƙar da Aka Yanke daga Littafin Kaka

"Auta, ki dube ni... ki faɗa musu."

Ba ta dubi Dogo ba.

Idonta na kan littafin da ke buɗe a tsakiyar tebur, daidai inda aka yanke warƙa guda da reza, yanka mai tsabta kamar na tela.

Su huɗu ne a ofishin. Ga Shugabar sashen tsoffin littattafai na laburaren jami'a, ga Mataimakinta, ga Auta mai kula da rajista, sai Dogo mai hoto, wanda aka ɗauko wata bakwai da suka wuce domin ya ɗauki hoton kowane shafi kafin tsufa ya gama cinye su.

"Ranki ya daɗe, rajista ba ta ƙarya," in ji Mataimaki, yana gyara zaman tabarau. "Shi ne na ƙarshe da ya karɓi littafin."

Shugaba ta juyo wajen Auta.

"Da ya dawo da shi, kin ƙirga shafukan?"

"Ban ƙirga ba."

"To za ki iya tsaya masa? Kalmarki ta ishe ni."

Auta ta mayar da ido kan tebur. Littafin nan ba na kowa ba ne, na kakanta ne. Da hannunsa ya rubuta shi, lissafin taurari da lokutan shuka, kuma Abbanta ne ya ba jami'a shi kyauta domin kada gara ta cinye shi a gida. Da safiyar ranar Abba ya tare ta a bakin ƙofa, fuska ba annuri. Ya ce in ta buɗe baki ta kare ɓarawon gadon ubansa, to ta nemi wani uban.

Ta yi shiru.

Dogo ya jira. Ya jira har agogon bango ya fara jin kunya.

Sannan ya zare farar safar hannunsa, yatsa bayan yatsa, ya ajiye ta kusa da makullin ɗakin hoto.

"Na gode," ya ce, ba tare da kowa ya san da wa yake ba.

Ya sunkuya ya fita, don ƙofar ofishin ba ta taɓa isar tsawonsa ba.

*

Da faɗa suka fara, ita da shi.

Ranar farko ya shigo da kofin shayi a hannu, ta tare shi a ƙofa.

"Malam, nan ba a shiga da ruwa. Ko biro ba a shiga da shi, sai fensir."

"Numfashi fa? An yarda?"

"A hankali."

Ya yi dariya, ita ta ƙi yi. Sai da ya juya baya ta yi tata.

Aikin ya haɗa su. Ita ke ɗauko kwali daga ma'ajiya, ta kwantar da littafi a kan ɗan matashin da ake ɗora shi, ta buɗe shafi. Shi ya daidaita fitila ya danna kyamara. Haka suka bi dukiyar sashen ɗaya bayan ɗaya: taswirar da wani matafiyi ya zana da hannu har da rijiyoyin hanya, kundin wani likita mai cike da zanen ganyayyaki, daurin wasiƙun wani ɗan kasuwa zuwa ga matarsa, shekara goma sha ɗaya yana cewa yana nan tafe.

"Ya dawo kuwa?" Dogo ya tambaya.

"Ba mu da wasiƙar ƙarshe."

"Ni da ni ne, da ban tafi ba."

"Duk haka kuke cewa."

"Gwada ni, sanyin idona."

Fensirin hannunta ya faɗi. Ta sunkuya ɗauka, ta daɗe a ƙasan tebur fiye da yadda ɗaukar fensir ke bukata.

Ranar da suka zo kan littafin Kaka, a warƙar da aka zana da'irar taurari da jar tawada da ruwan zinariya, Dogo ya sauke kyamara ya tsaya kallo kawai.

"Yanzu na gane inda kika gado haƙuri," ya ce.

Duk wannan a idon Mataimaki ake yi. Sau biyu yana neman Auta, sau biyu tana ba shi haƙuri. Da ya ga ƙofarta a rufe, sai ya koma ta wajen Abba. Yau ya kai gaisuwa, gobe ya kai labari: ai yaron nan ɗan kwangila ne, ba a san tushensa ba, kuma irinsu kan sayar wa 'yan kasuwar kayan tarihi abin da suka ɗauka. Saboda haka ranar da warƙar ta ɓata, Abba bai nemi shaida ba. Dama tunkiya a ɗaure take, wuƙa kawai ake jira.

*

Bayan tafiyar Dogo aka kulle ɗakin hoto.

Kullum sai ta wuce ta gabansa, kullum sai ƙafarta ta rage sauri.

Ta kira lambarsa a ranar, a kashe. Ta kira washegari. Ta kira har muryar matar da ke cewa ba a samun lambar ta zama kamar ta 'yar uwa. Ta je gidan da yake haya, mai gidan ya ce ya kwashe kayansa, bai bar adireshi ba.

Saƙonni kuwa ba ta daina turawa ba.

"Yau an kawo sabbin kwalaye, masu ƙarfi, irin waɗanda kake ta roƙo."

"Na sake karanta wasiƙun ɗan kasuwa. Ina ganin ya dawo."

"Masoyina, ka yafe mini..."

Babu wanda ya shiga.

Abin da ya rage mata shi ne hotunansa da ke cikin kwamfutar sashe. In aiki ya lafa da rana, sai ta buɗe su. Ba rubutun take kallo ba. A gefen wasu hotuna, inda ya danne kusurwar shafi, kan yatsansa ya fito cikin farar safa. Ta san lambar kowane hoton da yatsan ya fito. Guda sittin da uku ne.

A gida ta zama kamar baƙuwa. Yayarta ta zo ta same ta a ɗaki, ta zauna a bakin gado.

"Auta, kin ga yadda kika koma? Wuyanki kamar mariƙin lema."

"Lafiyata ƙalau, Yaya."

"Lafiyar ke nan? Shekara guda fa. Mutumin da ko sallama bai yi miki ba."

"Ni ce ban yi masa ba. Ya ce in dube shi, Yaya... dubawa kawai."

Yaya ta jawo kan Auta ta ɗora a kafaɗarta.

Mataimaki bai fasa zuwa ba. Ya kan zauna a falo ya ce wa Abba yana nan yana bin sawun warƙar, ya kusa gano wanda aka sayar wa. Abba ya yi ta sa masa albarka. Da ya kawo maganar aure, Auta ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Abba, na bi maganarka ranar nan, na yi shiru. Ka bar ni da shiruna."

Abba ya dube ta, ya kawar da kai. Bai sake tayar da zancen ba.

*

Shekara da wata huɗu, jami'a ta shirya baje kolin zaɓaɓɓun kayan sashen. Aka jera akwatunan gilashi a babban zaure. Taswira ta samu nata, kundin likita ya samu nasa. Littafin Kaka ma an ware masa, sai dai Shugaba ta ce a buɗe shi a wani shafin, kada baƙi su ga tabon.

Saura kwana uku a buɗe, Mataimaki ya tafi taro wani gari. Da hantsi bututun na'urar sanyaya ɗaki ya fashe a ofishinsa, ruwa ya dinga zuba a kan kabad ɗinsa na ƙarfe.

"A fasa makullin," in ji Shugaba. "Takarda ba ta jiran mai ita."

Kafinta ya fasa. Auta ta shiga kwashe fayil-fayil tana miƙawa. A durowar ƙasa, can ƙarshe, hannunta ya taɓa wani ambulan mai kauri, an sa shi tsakanin kwali biyu.

Ta buɗe.

Jar tawada. Ruwan zinariya. Da'irar taurari.

Ta zauna a cikin ruwan, ta ɗaga warƙar sama da hannu biyu don kada ta jiƙe.

"Ranki ya daɗe..." ta kira Shugaba.

Da Mataimaki ya dawo bai yi dogon musu ba. Ya ce niyyarsa ya fito da ita daga baya, ya kai wa Abba a matsayin shi ya ƙwato ta. Kwamiti ya zauna, aka sallame shi.

Shugaba da kanta ta kai wa Abba labari. Ya saurara har ƙarshe. Kwana biyu ba ya cin abin kirki. A na uku ya kira Auta.

"Ina yaron nan yake?"

"Ban sani ba, Abba."

"To a nemo. Na ci naman ɗan mutane, ba zan mutu da shi a ciki ba."

Cikin takardun ɗaukarsa aiki Shugaba ta samo lambar wani kawunsa. Kawun ya yi ta jan rai, daga baya ya faɗi garin da kwatancen shagon.

Abba ya ce Auta ta ɗauko mayafinta.

*

Awa shida suka yi a mota. Shagon ƙarami ne, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinki, an rubuta a allo cewa ana ɗaukar hoton fasfo cikin minti biyar. Ciki akwai farin ƙyalle a bango, da kujera guda mara hannu.

Yana yanka hotuna da almakashi suka shiga. Ya rame. Ya bar gemu.

Ya ɗago, almakashin ya tsaya.

"Sannunku da zuwa, Baba," ya ce, ya jawo kujerar.

Abba bai zauna ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, abin da Auta ba ta taɓa gani ba tun da aka haife ta.

"Ɗana, an ga warƙar. Ba kai ba ne. Na zalunce ka, na kuma sa 'yata ta zalunce ka. Ka yafe mini."

"Haba Baba, mayar da hularka. Gadon mahaifinka ne, ko ni ne zan ji zafi. Na yafe."

Abba ya share ido da bakin hannun riga. Ya ce bari ya ga mai gyaran wayar nan, wayarsa na ba shi wahala. Auta ta san lafiyar wayar ƙalau.

Suka rage su biyu.

"Jami'a ta ce ka dawo," ta ce. "Akwai takarda a jakata."

"Shi ya kawo ki?"

"A'a."

Ya ci gaba da tattara guntayen takarda a kan tebur, ba ya dubanta.

"Kin san ban damu da korar ba? Aiki ana samu. Amma duk wanda ya zauna a kujerar nan sai na ce masa ya dube ni. Sau talatin a rana. Kowa ya duba, Auta. Baƙi, waɗanda ba su san ni ba."

Hawayen da take riƙewa tun daga tasha suka ɓalle.

"Tsoro na ji. Ba ni da wata hujja da ta wuce wannan. Ban taɓa zarginka ba, ko na minti ɗaya, amma na ji tsoro... Na tura maka saƙo ya fi ɗari huɗu."

"Na jefar da layin."

"Na sani. Ban daina ba."

Ya ɗago ya dube ta.

"Me kike cewa a ciki?"

"Labarin kwalaye. Da na ruwan sama. Da cewa yatsanka ya fito a hoto sittin da uku."

"Ƙarya ne. Ni ba na barin yatsa a hoto."

"Sittin da uku. In kana so in karanto maka lambobin."

Dariya ta kufce masa ba shiri, irin wadda ke fitowa tare da ƙwalla. Ya juya baya ya daɗe yana gyara fitilar da ba ta lalace ba.

"Zauna," ya ce.

"Me zan yi?"

"Wata bakwai ina ɗaukar hoton takardun mutanen da suka mutu, ban taɓa ɗaukar naki ba. Zauna, abar ƙaunata."

"A haka? Idona duk ya kumbura."

"A haka nake so."

Ta zauna gaban farin ƙyallen, tana jan hanci, mayafi a karkace. Ya ɗaga kyamara, ya danna.

Bayan wata uku aka ɗaura musu aure, Abba da kansa ya tsaya a kan komai. Dogo ya koma sashen, aka buɗe ɗakin hoto, ya ci gaba daga kwalin da ya tsaya.

An ɗauke su hotuna masu kyau ranar biki, an sa a firam, suna nan a falo. Amma wanda ke cikin walat ɗinsa shi ne na shagon nan, ɗan ƙarami, jajayen idanu da kumburarren hanci.

Yau shekara shida tana roƙonsa ya yaga shi.

Ya ce sai dai ta kai shi ƙara wajen Abba.