Ya Yi Fito, Sunka Fito

"Ka rantse mini, Manu."

Sahura ce tsaye a bakin zauren gidansu da ke Anka, rana ta yi la'asar sakaliya. Manu na zaune bisa dakali yana kwance igiyar takalmin ƙwallo, gumin atisaye bai bushe masa ba.

Ya ɗago yana murmushi.

"Ko ruwa ban sha ba za a kafa mini shari'a? 'Yar Kaɗo, ina gaisuwa?"

"Ba wasa nika yi ba."

Sai ya lura ta manta da kwanon furar da ke hannunta. Ya karɓa ya ajiye a ƙasa.

"Mi ya faru, Sahurata?"

"Yau a bakin famfo, da na iso mata sunka yi shiru. Ƙawata Dija ce ta ja ni gefe. Wai fiton da kake yi a fili ba na ƙwallo ba ne... wai mutanen daji kake kira."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba.

"Wa ya ce?"

"Ka san wanda ya ce."

Ya sani. Hafizu ne, wanda yake sanye da riga mai lamba tara kafin Manu ya zaunar da shi a benci, wanda kuma ya aiko gidan nan neman aure har sau biyu Sahura ta ce a'a.

"Da fiton nan na kira shanun babana tun ban kai tsawon sanda ba," in ji Manu a hankali. "Da shi yayanki ke gane inda nike a fili. Da shi ke ma kike gane na iso bayan katanga."

"Na yafe. Ka riƙa sallama kamar kowa." Hawaye ya zubo mata. "Garin ga ya canza, Manu. Ina jin tsoro. Ka ce wallahi ka bar fiton ga."

Ya ajiye takalmin.

"Wallahi na bari."

Inna Habsu, mahaifiyar Sahura, tana bayan labule, ta ji komai.

Ƙungiyar Taurarin Gulbin Ka ta girmi Sahura. Mahaifinta, Koci Abdulwahabu, shi ya kafa ta a kan yashin gulbi, tun zamanin da ake kwana a waje don zafi. Da rani, in ruwa ya janye, 'ya'yan manoma kan sauko wanka, 'ya'yan Fulani su kawo shanu shan ruwa. A nan ya haɗa su da ƙwallon tsumma, aka kafa raga da karan dawa. In saniya ta ratso fili sai a tsaya ta wuce.

Da suka samu rigar farko, rabi aka yi kore rabi fari. Koci ya ce koren gona ne, farin nono ne, kuma fura ba ta shawuwa sai da biyun.

Daga yashi suka koma filin makaranta, daga nan gasar jiha, har suka kutsa ƙaramin rukuni na ƙasa, inda ake ba ɗan wasa albashi, wani watan a gani, wani watan a ji labari. Shekara da shekaru suna nan, ba su faɗo ba, ba su hau ba.

Sannan daji ya ɓaci.

Aka fara kore shanu, aka koma ɗaukar mutane. Rugage suka watse. 'Yan wasan Fulani suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, wani ya yi kudu da iyayensa, wani aka daina amsa masa sallama har ya gane. Manu kaɗai ya rage. Shi ma shanun babansa an kore su a yini ɗaya, amma wannan ba wanda yake son tunawa.

Shi da Hamza, yayan Sahura, ba sa bukatar kallon juna. Hamza na tsakiya da ƙwallo, kansa a ƙasa, sai ya ji fito mai gaɓa biyu, gajere da dogo. Ƙafarsa ce ke amsawa kafin kansa. Alƙalan wasa sun yi gargaɗi har sun gaji. A kakar bana, fiton nan ne ya kawo su wasan ƙarshe a Gummi, wanda in sun ci za su hau rukuni na gaba.

Ana gobe tafiya, Sahura na tankaɗe a tsakar gida iyayenta suka ɗauko zancen aurenta.

"Na ba Manu magana," in ji Koci. "In mun dawo daga Gummi, kawunsa ya zo."

Inna ta aje muciya.

"Malam, a fili ɗanka ne, na ji. Amma ɗiyata za ka kai inda gobe a zo a ƙone ɗaki da ita ciki?"

"Mi yaron ga ya yi miki, Habsu?"

"Bai yi mini komi ba. Ni dai tun ina ƙarama anka ce mini fito kiran shaiɗanu ne. Ga shi kuwa sun cika daji."

"Inna, ya bari," in ji Sahura. "Ya rantse."

"Na ji da kunnena. Na ma gaya wa uwar Hafizu, don su san mun tsawata."

Sahura ta tsayar da tankaɗen, ta ɗago ta dube ta.

Da hantsi bas ta tsaya a ƙofar gidan. Ciwon ƙafa ya hana Koci tafiya. Manu ya leƙo ta taga.

"Mi zan kawo miki daga Gummi?"

"Kanka."

"Shi ɗai? Ashe sadakinki da sauƙi."

"Ku taso da wuri. Kada Magariba ta same ku a hanyar Bukkuyum."

Ya tattara leɓɓansa kamar zai yi fito, don tsokana, sai ya hura iska kawai. Ta harare shi. Tana tsaye har bas ta sha kwana.

Yinin ranar ba ta iya cin komai ba. Koci na zaure da waya a kunne, wani ɗan gari da ke Gummi yana faɗa masa wasan. An tafi hutun rabin lokaci canjaras. Wai Hamza sai ɗaga kai yake yana neman Manu kamar makaho ya yar da sanda. Ana dab da tashi Koci ya miƙe tsaye, ya manta da ciwon ƙafa.

"Ya ci. Manu ya ci da ka. Sahura, mun hau!"

Gari ya ɗauki sowa, yara na buga galan. Sahura ta shiga ɗaki ta yi sujada.

La'asar ta wuce. Rana ta yi ja. Wayar Hamza ba ta shiga, ta Manu ba ta shiga.

Ana kiran Magariba bas ta shigo gari, gilashin baya a farfashe, ba waƙa ba tafi. Aka sauko da mai tsaron gida, cinyarsa ɗaure da rigar wasa, farin ya koma ja.

Hamza ne ya ba su labari a tsakar gida.

"Bayan mun wuce Zugu mota ta ɗau zafi. Direba ya ce a samo ruwa. Munka gangara rafi da jarkoki, da nisa, mu da yawa. Manu ya tsaya bisa tudu. Shi ya hango ƙurar shanu, ya ce ba makiyayin da ke kora shanu da gudu haka, kuma da babura a bayansu. Ya yi ta kira, iska na kwashe muryar. Ni ban ji komi ba, Inna. Ina duƙe ina cika jarka..."

Inna ta matso kusa da shi, ya ci gaba.

"Sai na ji fiton. Ban san sa'ad da na yar da jarka ba. Na ruga, saura sunka biyo ni. Muna shiga mota sunka fito daga kurmi suna harbi. Da mun ƙara ko kaɗan a rafin nan, da yanzu muna daji."

Inna ta riƙe kan Hamza tana shafawa.

Washegari da safe Manu ya zo, ya yi sallama kamar kowa. Sahura ta kawo masa kunu, ya girgiza kai.

"Azumi nike. Kaffara. Na karya rantsuwarki."

"Ka karya ta sau dubu," ta ce tana kuka tana dariya. "Masoyina, ka dawo mini da yayana."

"Kin ce in kawo kaina. Ga shi, har da gyara."

Ba su gama ba suka ji tafiyar mutane da yawa. Masu gadin gari ne da bindigoginsu na gida, jama'a na biye, Hafizu a gaba.

Koci ya dogara sanda ya tare ƙofar zaure.

"Lafiya?"

"Tambayoyi za mu yi mishi, Koci," in ji babbansu.

"Ina wurin," in ji Hafizu, yana juyawa ga jama'a. "Da kunnena na ji. Daji shiru, ba kowa. Ya yi fito, sunka fito."

Maganar ta bi bakin mutane kamar wuta a karmami. Ya yi fito, sunka fito.

Hamza ya kutso. "Ƙarya kake! Da ƙafarka ka biyo ni, Hafizu. Fiton nan ne ya cece ka."

"Kai abokinshi ne. A tambayi ƙanwarka." Hafizu ya nuna ta da baki. "In fiton ƙwallo ne, don mi ta sa shi ya rantse ya bari? Ita ma ta san ko mine ne."

Babban masu gadi ya dube ta.

"Ɗiyata, kin sa shi rantsuwa ko ba ki sa ba?"

Ta dubi Manu. Ya ɗan gyaɗa mata kai, wato ta faɗi gaskiya.

"Na sa shi, amma..."

Hayaniya ta haɗiye sauran. Ta yi ta faɗa, tsoro ne, tsoron bakinku ne ya sa, ba wanda ya ji. Inna ta fito ba mayafi, abin da ba ta taɓa yi ba, tana cewa ku tsaya, ɗana ya ceto. Ita ma ba a ji ta ba.

Koci ya riƙe hannun Manu. "Ku kai shi wurin hukuma, in bi ku."

"Can za mu, Koci. Ka huta da ƙafarka."

Manu ya zare hannunsa a hankali. Ya sauke rigar wasan da ke kafaɗarsa, mai lamba tara, ya miƙa wa Sahura.

"Wanke mini. Ki aje mini kunun nan kuma, in sha ruwa da shi."

Suka tafi da shi. Ba hanyar hukuma suka bi ba. Hamza ya bi su, aka mayar da shi da gindin bindiga.

Kunun ya kwana a rufe.

Da gari ya waye, masu ɗiban yashi suka tsinci takalmansa na roba a bakin gulbi, daidai inda aka kafa ragar kara ta farko. Ba a samu komai ba bayan su. Koci ya je ko'ina da sandarsa, kowa ya ce bai gani ba.

Taurarin Gulbin Ka sun hau rukuni na gaba. Kwamiti ya zauna ba da Koci ba, aka ɗinka sabuwar riga, kore zalla. Hafizu ya karɓi lamba tara.

A wasan farko ƙwallo ta zo wa Hamza a tsakiyar fili. Ya taka ta, ya sunkuyar da kai, ya karkata kunne. Ya tsaya nan har aka zo aka ɗauke ta a ƙafarsa. Daga ranar bai sake sa takalmi ba. Ba su ci wasa ko ɗaya ba a kakar, suka faɗo, shekara na zagayowa ƙungiyar ta watse. Filin ma yanzu 'yan gudun hijira ne a ciki.

Hafizu ya sake aikowa. Inna ce da kanta ta mayar da goron.

Sahura ta rama azumin da Manu bai ƙarasa ba. Rigar kuwa ba ta wanke ba.

Da rani ya dawo, ruwa ya janye, takan sulale bayan la'asar ta gangara yashi. Wata rana Inna ta bi sawunta. Ta same ta tsaye tana fuskantar hayi, ta tattara leɓɓa tana hurawa, iska kawai ke fita.

Sahura ta juyo ta gan ta, ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa.

Inna ta dubi hayin gulbi. Sannan ta gyara mayafinta, ta matso kusa.

"Jiƙa leɓɓanki tukuna," ta ce. "Haka na ga shina yi."