Salansar Nagoda

"Ba za ta yi ba, Oga."

"Za ta yi."

"A gabana dillalin ya faɗa maka. Ya ce ta ƙaramar ce. Kowace bindiga da salansarta, kamar yadda kowace take da harsashinta."

Nagoda bai ko ɗago ba. Safiyar Juma'a ce, su uku a cikin tsohon garejinsa na Tudun Wada, ƙofar langa-langa a rufe. Bindigogi biyu ne a kan buhu, babba mai dogon baki da wata 'yar ƙarama ta aljihu. A hannunsa kuma ga baƙin bututun da ake ɗaura wa bindiga don ya rage mata ƙara, wanda suke ce wa salansa kamar ta mashin.

Ga wanda bai san Nagoda ba, bakaniken acaɓa ne kafin ya zama abin da ya zama. Irin bakaniken nan da a wurinsa babu kayan da ba sa shiga. Na wannan mashin ya cusa wa wancan, in ya ƙi ya sa guduma. Kuma duk Tudun Wada an san halinsa guda: bai taɓa gyara mashin ya hau da kansa ba. Sai dai ya goge hannu ya ce wa mai shi, "Hau ka zaga ka gani." Mutum ya bar sana'a, hali kuwa ya biyo shi har cikin fashi. Abin haushi ke nan.

Mai yi masa musu Jamaluddeen ne, Jamalu, sabon shiga. Na ukun Auwal, mai tuƙa su, yana gefe yana taunar goro kamar ba da shi ake ba.

"To a ɗaura wa ƙaramar mana," in ji Jamalu. "Tunda tata ce."

"Ƙaramar cijewa take yi. Ni zan riƙe ta don ado. Kuma kana ganin Anayo zai ji tsoron wannan 'yar abar? Mutumin da ya taɓa korar ɓarayi da kujera?"

"Ramin salansar ya yi wa harsashin babbar kaɗan. Ya ce ba za ta ɗauki ƙarfinta ba ma."

"Dalla rufe mana baki. Dillali so yake in sayi biyu. Ƙarfe ne fa, ni kuwa a cikin ƙarfe na girma. Tun jiya nake fama da ita, ga ta nan ta zauna daram."

"A gwada, Oga."

"A ina? A tsakiyar unguwa? Ka cika naci, yaro."

Jamalu ya koma gefe, ransa na ƙuna. Shi ya kawo wannan aikin. Anayo mai shagon wayoyi ne, kuma katanga ɗaya ce tsakanin bayan shagonsa da gidan Inna Ishatu, mahaifiyar Jamalu. A sanin Inna, ɗanta yana Kano yana lodin kaya a tasha, har addu'a take sa a yi masa. Sharaɗi ɗaya ya kafa wa Nagoda kafin ya yarda: kada a ji ƙarar bindiga. Ba tsoron ɗan sanda yake ba, ba kuma tausayin Anayo ba. Tsohuwar nan ce ba ya so ta leƙo.

Nagoda ya goge hannu da tsumma, ya miƙa masa babbar.

"Kai za ka riƙe. Harbi ɗaya a ƙasa, kusa da ƙafarsa. Ba wanda zai ji sai shi."

Sun zaɓi lokacin sallar Juma'a. A lokacin an tare babban titi da benci da duwatsu, sahu ya fito har bakin kwata, shagunan Musulmi duk a kulle. Maza na masallaci, mata na cikin gida. Anayo kaɗai ke buɗe a layinsu, yana zaune yana cin dafaffiyar masara.

Lasifika ta ɗauki kabbarar liman. Auwal ya tsaya da mashin a bakin lungu, bai kashe ba. Su biyu suka ja hular sanyi suka rufe fuska.

"Kwanta! Kwanta a ƙasa!"

Anayo ya ajiye masarar a hankali. Ya dubi bindigar, ya dubi idanun mai riƙe da ita. Jamalu ya kawar da kai. Wannan mutumin ya sha aikensa sayen ruwan leda yana yaro.

"Makullin akwati," in ji Nagoda.

"Yana gida wurin madam."

"Ƙarya kake, tsohon banza."

"Malam, ka bincika aljihuna. Ranar Juma'a ce fa, ku ji tsoron Allah."

Nagoda ya ja da baya. Taku ɗaya, biyu, har ya kai bakin ƙofa. Jamalu ya gani, amma bai fahimta ba.

"Nuna masa," in ji Nagoda.

Jamalu ya saita ƙasa. Ya ja kunama—

Wata ƙara ta tashi kamar tukunyar gas ta fashe! Gilashin kanta ya tarwatse, hayaƙi ya cika shagon. Bututun ya dare, ɓaraguzansa suka watsu ko'ina. Anayo ya faɗa bayan kanta yana kiran Yesu, kunnensa na jini. Jamalu ya zube a ƙasa. Ya duba hannun da ya tallafi bindigar da shi, bai gane abin da yake gani ba.

"Oga... Oga, kama ni."

Nagoda ya wawuri wayoyin da hannunsa ya kai, ya cusa a riga. Bai ko waiwayo ba.

A cikin sahu, can bakin titi, Sufeto Lawal na 'yan sanda yana tsaye a raka'a ta biyu. Ya ji ƙarar, ya kuma san ba taya ba ce. Motarsu tana bayan shingen benci, yaransa biyu suna wani sahun, bindigogi a wurin na ukun da ke gadi can nesa. Liman kuwa ya ɗauko sura mai tsawo. Sufeto ya cije leɓe. Mutum dubu a wurin, babu wanda ya motsa, don ba a yanke salla. Wallahi ji ya yi kamar ya yi kuka don takaici.

Sai ga wata ƙarar, siririya, sau biyu. Tas! Tas!

Nagoda ne ke harbin iska a lungu don wasu 'yan mata masu talla su ba shi hanya. Jamalu yana kwance ya ji. Ashe ƙaramar lafiyarta lau, ba ta cijewa. Sai a lokacin ya tuna da tsumman goge hannun, ya tuna da taku biyun nan na baya. Hau ka zaga ka gani. Shi ne mai mashin.

Amma Nagoda ya manta abin da kowane yaro a unguwar ya sani: ranar Juma'a duk lungu a sahu yake ƙarewa. Auwal ya sha kwana, ya tarar da bayan mutane. Ya juya, ya sha wata, haka. Liman ya yi sallama—

"Ɓarayi! Ga su nan!"

Auwal ya yar da mashin da Oga a kai, ya haura katanga, ba a sake ganinsa ba. Da ƙyar Sufeto Lawal ya ƙwaci Nagoda a hannun jama'a, haƙora sun zube, ƙafa ta karye. Har a bayan mota yana cewa kayan jabu aka sayar masa.

Kafin duk wannan, mutum ɗaya ya riga kowa zuwa shagon. Inna Ishatu ta ji ƙarar ta katanga, ta ɗauka gobara ce ta kama wa maƙwabcinta. Ta fito da bokitin ruwa, ko takalmi babu.

"Anayo, kana da rai?"

"Ina nan, Mama. Kada ki shigo, ɓarawo ne."

Ta riga ta shigo. Ta ga mutum a kwance cikin jini yana numfashi da ƙyar. Ɓarawo ma ɗan wani ne. Ta durƙusa, ta ɗage hular don ya sha iska.

Sai ga fuskar ɗanta.

"Inna," in ji shi.

Ta kwance mayafinta, ta ɗaure abin da ya rage na hannun, ta ja ƙulli da haƙori. Ta ɗebo ruwa da tafi ta ba shi, ya sha. Hayaniyar maza ta fara matsowa daga bakin layi. Sai ta kama hular da hannu biyu, ta mayar ta rufe masa fuska kamar yadda ta same shi.

Sufeto Lawal ya shigo yana haki, jama'a a bayansa. Ya dubi fasasshen bututun, ya yi tsaki. Ya dubi mayafin, ya dubi tsohuwar.

"Inna, kin san shi ne?"

Anayo ya leƙo ta bayan kanta. Ya ga fuskar tun da ta ɗage hular, amma sai ya kawar da kai.

"Nawa yana Kano," in ji ta. "Yana lodi a tasha."

Ta ɗauki bokitinta ta ratsa mutane. Ruwan yana ta zuba mata a ƙafa har ta shige gida ta sa sakata.