Gyambon Da Noelie Ta Ɓoye

Tururin tukunyar jatan lande yana dukan fuskar Noelie, zufa na gangarowa tana shiga ƙarƙashin fatar cikinta, inda naman ya saluɓe ya zama gyambo. Wayyo, baiwar Allah! Tun da likitoci suka yi mata tiyatar rage tumbi saboda ciwon suga, ƙibar ta zube, amma fatar ta ƙi bin ta. Ta zubo har cinya kamar buhun da aka juye. Noelie marainiya ce, mijinta Alcide kuma yana can tsakiyar teku wurin haƙar mai, sai ya yi makonni bai leƙo jiharsu Louisiana ba. Ya bar ta hannun yayarsa Verna, mai gidan abincin da Noelie take wa girki.

Kamfanin inshora ya ce yanke fata kwalliya ce, ba zai biya ba sai likita ya ga ciwo da idonsa, ya yi magani ya ƙi ji. Verna ta san haka sarai. Ta kuma san idan aka yi tiyatar a kakar jatan lande, babu mai tsaya mata a bakin wuta kyauta. Don haka duk sanda ranar ganin likita ta matso sai ta zama uwa: ta hutar da Noelie kwanaki, ta zaunar da ita gaban fanka, ta ba ta garin sitaci ta barbaɗa har wurin ya bushe.

"Haba ƙanwata, da wannan warin za ki buɗe wa namiji jiki? Kada ki kunyata mu."

Ita kuwa Noelie kunya ta yi mata yawa, har godiya take yi! Likita ya duba, ya ga fata a bushe, kamfani ya sake cewa a'a. A coci Verna na yaɗa cewa matar ƙaninta so take ta koma budurwa ta sa kayan wanka a bakin teku. Magana ta kai kunnen Alcide, ya kira ta ya ce ta daina zubar masa da mutunci. Ranar ta durƙusa a banɗaki ta yi kuka har muryarta ta dushe... "Ya Ubangiji, ban nemi kyau ba. So nake in rungumi ɗana ba tare da ya kau da hanci ba."

Kwanan ɓarawo casa'in da tara ne. Ranar Juma'a Mai Kyau, babbar ranar Kiristoci, da gari ya cika gidan abincin, Noelie ta yanke jiki ta faɗi gefen tukunya, jikinta kamar garwashi. Wannan karon babu fanka, babu sitaci. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ɗaga fatar, Alcide da aka kira daga teku yana tsaye. Ya ga ruɓar, ya juya ya dafe bango. Likita ya tambaya ta yaya bai taɓa ganin wannan ba, Noelie ta ba shi labarin sitacin da zuciya ɗaya, tana ma yabon kirkin Verna. Nan take likita da Alcide suka gane makircin Verna.

Kamfani ya amince a makon nan. Labari ya zaga gari, mutane suka ƙaurace wa abincin Verna, ita ce yanzu take tsaye bakin wuta tana dafa abin da babu mai saye. Amma ciwon ya riga ya shiga jini ya taɓa ƙodar Noelie, ba za ta ƙara zama yadda take ba.

Alcide ya durƙusa gefen gado yana neman gafara. Ɗanta ta miƙa wa hannu, yaron ya hau gadon a hankali, ya kwantar da kai a jikinta, bai kau da hanci ba.