Kwalba Mai Jan Zare

"Tono ta! Tono ta kowa ya gani!"

Hajiya Barira ce tsaye a tsakar gidan su Mufida, mayafi ya zame, tana nuna gindin randa. A bayanta ga Zulfa, ɗiyar ƙanenta, wadda Hajiya ta daɗe tana yi wa ɗanta Zunnuraini tanadinta. Shi kuwa, mai neman auren Mufida, yana bakin zaure, ido a ƙasa.

Mufida ta durƙusa. "Hajiya, ina wuni..."

"Riƙe gaisuwarki. Mi kika binne wa ɗana?"

Mufida ta kau da jiƙaƙƙen rairayi, ta zaro kwalba. Ruwan ciki ya yi gauraye, ƙananan kumfa na tasowa, ga jan zare ɗaure a wuya.

"Kin gani ko, Gwaggo?" in ji Zulfa. "Da kunnena na ji tana ɗaura zaren tana cewa wannan ta Zunnu ce."

Gaskiya Mufida ta faɗi haka. Tun da aka rufe iyaka kayan lambun Zunnuraini suka rasa masu saye daga Maraɗi, kokwamba da karas suna ruɓewa yana kallo, har ya rame. Mufida ta tuna sana'ar mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta. Ta yanka su, ta dafa kwalabe, ta zuba ruwan gishiri da ruwan kal da tafarnuwa. Wutar lantarki ba ta zama, shi ya sa ta binne su inda randa ke ɗiga, don sanyi. Sauran na sayarwa ne. Mai zaren tasa ce, ba attarugu a ciki, saboda gyambon cikinsa.

Duk ta faɗa musu, hawaye na zuba.

Hajiya ta taɓe baki. "Abinci a binne kamar gawa? Yo ni a ina aka haife ni?"

Mufida ba ta ƙara kallonta ba. Ta murɗe murfin, ya yi tsiit, tsami ya bugi hanci. Ta nufi zaure.

"Zunnu... ci."

Bai karɓa ba.

"Kai ka kawo mini su a buhu. Kai ka ce, Mufina, yi yadda kika iya. Ci ɗaya, abin raina, su gani."

Ya ɗaga hannu. Ya dubi zaren. Ya dubi uwarsa.

"Mufi... ba wai ban yarda da ke ba. Amma... mi ya sa ja?"

Wayyo!

Namiji da gemunsa, tambayar da ya iya ke nan. Zaren ma daga bakin tsohon zanenta ta tsinko shi, shi ne kusa da hannu.

Hawayenta suka tsaya cak. Ta ɗebo karas ta tauna a gabansu, ta bi da kokwamba, ta kurɓi ruwan har ya ƙona mata maƙogwaro.

Hajiya ta gyara mayafi. Zulfa ta soma neman takalminta.

Sai a lokacin ya miƙo hannu. "Kawo in ci, Mufina. Don Allah ki yafe..."

Ta janye kwalbar.

"A'a, Malam Zunnuraini."

Malam! Ya ji kalmar har ƙashinsa.

"Innata ta koya mini abu guda. In aka buɗe kwalba kafin ta nuna, iska ta shiga, ko an mayar da murfi ba ta komawa. Sama ta yi kyau, ƙasa tana ruɓewa."

"Mufida, aure fa za mu yi!"

"Da ke nan."

Ta juye sauran a kwata, ta kwance zaren, ta ɗora masa a tafin hannun da yake miƙe har yanzu.

"Gobe ka aiko a kwashe sauran kwalaben, kayan lambunka ne. Ka ce a riƙe su a tsaye, kada a jijjiga."

Ta koma gindin randa ta durƙusa, ta shiga mayar da rairayi cikin ramin.