Ruwan da Sabuwa Ba Ta Kawo Ba

Tsakuwar farko ta faɗo ne ana kiran sallar magariba, kwana uku da dawowarsu daga kudu. Sabuwa tana kicin tana tsane shinkafa, mahaifiyarta Hajiya Indo tana kan sallaya, mahaifinsu Injiniya Jibrin ya riga ya sauka masallacin unguwa. Ji ta yi ƙwal a cikin faranti. Da ta duba, sai ga wata 'yar tsakuwa baƙa, sumul, jiƙe sharkaf, tana juyawa a tsakiyar shinkafar. Gidansu a hawa na uku yake a unguwar Nasim, tagogi duk a rufe saboda sanyin Janairu, kuma duk wanda ya zauna a Riyad ya san ba a tsintar dutsen rafi a garin nan. Ta ɗauka, sanyinta ya ratsa ta har gwiwar hannu. Ta gane ta kuwa, domin irinta ta yini tana takawa a cikin wani kwazazzabo can kudun.

Ta jefa ta cikin wani tsohon gwangwanin madara, ba ta gaya wa kowa ba.

Sai an san yadda gidan yake kafin a san abin da ya sa ta yi shiru. 'Ya'ya biyu Allah ya ba Injiniya Jibrin. Sabuwa ce babba, tana da shekara uku ya samu aiki a Saudiyya, kakarta ta ce a bar mata ita a Kano ta ɗebe mata kewa. Aka bar ta, sai da tsohuwar ta rasu aka yi mata iƙama, takardar izinin zama, ta iso Riyad tana da shekara goma sha bakwai. Ta tarar da ƙanwarta Hajar, haifaffiyar garin, mai Larabci kamar ruwa da Hausa kamar ta baƙo, wadda ke kiran mahaifinsu Yuba irin na 'ya'yan Larabawa tana rataye a wuyansa. Ita kuwa Sabuwa Baba take cewa, daga durƙushe. Shekara bakwai ke nan, ba wanda ya taɓa zaginta a gidan, ba wanda ya hana ta komai. Kallon ne kawai ba iri ɗaya ba, kuma ta ƙirga kowane ɗaya.

Tafiyar kudun abokan aikin Injiniya ne suka shirya. Su tara har da jagora suka shiga wani kwazazzabo a duwatsun wajen Jizan, tsaguwar dutse mai zurfi da ruwa kwance a cikinta, wadda in ka miƙa hannu biyu a wasu wuraren sai ka taɓa bango da bango. Rana ba ta sauka ciki sai ɗan zare daga can sama. Ruwan kuwa sanyi ne da shi mai shiga ƙashi, wani wurin iya ƙugu, wani wurin sai an yi iyo ana haƙora na kaɗawa. Inda dutse ya yanke, da igiya ake zura mutum ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Jagoransu, wani dattijon Balarabe ɗan yankin, ya duba hannun kowa ya tsaya a kan na Sabuwa, hannun da ya girma yana jan guga a rijiyar kakarta. Ita ya ɗora a kan igiyar tsaro. Don haka ita ce ta ƙarshe a kowace gangara, ta sauke wannan, ta sauke wancan, har tafin hannunta ya saluɓe.

A gangarar ƙarshe akwai wani gurbi baƙi ƙirin da ba a ganin ƙasansa. Sabuwa ta sauke mahaifinta a hankali, ya tsaya a ruwa iya ƙirji ya ɗaga wayarsa yana ɗauka. Da aka zo kan Hajar sai ta ƙi igiyar, ta yi dariya ta daka tsalle. Ta nutse, ta taso tana sheƙi, kowa yana tafi.

"Ku gani!" in ji Injiniya Jibrin da ƙarfi. "Wannan ita ce 'yata!"

Duwatsun suka karɓa suka maimaita, 'yata, 'yata, har sau uku, kamar sau ɗayan bai isa ba. Sabuwa tana sama ita kaɗai da igiya a hannu mai jini. Ta dubi ƙanwarta, duban da bai zo da Masha Allah ba. Kishi ya cika ta har wuya, ta ce a hankali, "To, ruwan ya riƙe maka ita." Ba wanda ya ji. Sai dai ta ga gurbin ya kwanta lif nan take, duk da mutanen da ke motsi a cikinsa.

Daga ranar tsakuwar farko, kowace magariba sai an yi jifa. Da ladan ya ce Allahu akbar sai tsakuwoyi su fara saukowa daga rufin da ba shi da ko tsaga, a falo, a kan gado, a cikin butar shayi. Ƙasan ɗakin Hajar ya riƙa tsatsafo da ruwa, gidan ya ɗauki warin gansakuka. Ita Hajar ta daina dariya, sannan ta daina magana. Bargo uku da na'urar ɗumama ɗaki ba su hana leɓenta yin shuɗi ba, gashinta kullum a jiƙe ko da ba ta taɓa ruwa ba. An kai ta asibiti biyu, an ɗebi jini, an yi hoto, likitoci suka ce ba su ga komai ba. Wata magariba Hajiya Indo ta ji ana maimaita kalma ɗaya a cikin banɗaki, murya tana dukan bango tana dawowa. Ta buɗe, ba kowa, sai famfo yana ɗiga.

Sabuwa ce mai shara. Ita ke bin tsakuwoyin tana tsincewa cikin gwangwaninta, ita ke goge ruwan, ita ke dama wa Hajar kunu. Mahaifinta ya rame, ya bar zuwa aiki, yana zaune a bakin gadon yana murza ƙafar Hajar. Abin kunyar da ba ta iya gaya wa ko matashinta ba shi ne, ko a hakan ma in ta gan shi riƙe da ƙafar nan sai wani abu ya soke ta.

A mako na uku aka ɗauko Malam Buraima, wani dattijo mutumin Nijar mai shagon zuma da turare a unguwar Dira, wanda aka sani da ruƙiyya ba tare da surutu ba. Ya yi karatu, ya dubi yarinyar.

"Akwai mai zama a jikinta," ya ce. "Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ido ne ya buɗe ƙofar, kambun baka. Duk wanda aka yi tafiyar nan da shi, a roƙe shi ya yi alwala a cikin kwano a kawo ruwan a zuba mata. Haka sunna ta koyar, kuma wanda aka roƙa bai kamata ya ƙi ba."

Wa za a aika in ba Sabuwa ba? Kwana huɗu direba yana zagayawa da ita da jarkoki a bayan mota, daga wannan unguwa zuwa waccan. Ba ƙaramin abu ba ne ka tsaya a ƙofar mutum ka ce masa ana zargin idonsa. Wasu suka yi alwalar da fara'ar dole. Anti Jamilat, ma'aikaciyar jinya da aka yi tafiyar da ita, wadda ta yi wa Hajar wanka tun tana jaririya, ta miƙo ruwanta tana kuka, ta ce ashe haka Injiniya ya ɗauke ta. Wanda aka ji nauyin tambaya, aka gayyace shi shan gahawa, Sabuwa ta ɗauraye kofinsa da ƙwallon dabinonsa a ɓoye kamar yadda Larabawan garin ke yi. Har jagoran can kudu sai da ya aiko da nasa a mota. Injiniya ma ya yi tasa. Ta jera jarkoki bakwai a falo, kowace da sunan mai ita, aiki tsaf. Ba wanda ya tsaya ya ƙirga cewa mutum tara in an cire mai ciwo takwas ya kamata a gani. Ana zaton wuta a maƙera, wa zai leƙa masaƙa?

Aka zuba duka bakwai. Tsakuwar magaribar ranar sai da ta fasa gilashin agogon bango.

Washegari bayan la'asar Malam Buraima ya dawo. Aka zaunar da Hajar a tabarma a tsakiyar falo, uwar tana riƙe da kafaɗarta, uban a gefe, Sabuwa a bakin ƙofar kicin inda ta saba tsayawa. Malam ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Rana tana yin ja a jikin labule, sanyi yana tasowa daga ƙasa kamar an buɗe rijiya. Ya kai tsakiyar Baƙara sai Hajar ta ɗago kai, ruwa yana zuba daga gashinta, ta buɗe baki.

"Malam, sassauta mana, ai ka ƙona ni."

Hajiya Indo ta saki salati. Hausa ce tsantsa, ta cikin birnin Kano, irin wadda Hajar ba ta taɓa iya haɗa jimla ɗaya da ita ba.

"Wace ce ke, kuma ina kika samu harshen nan?" in ji Malam.

"Mai gurbin ce. Da harshen wanda ya yi mini magana nake magana. Ni ban bi kowa ba, ba ni aka yi. An ce in riƙe, na riƙe. Kyauta tana komawa?"

"Ku ba a sayen zancenku duka. Wa ya ba ki?"

Bakin Hajar ya yi wata dariya mai sanyi. "Ba na tona asirin wanda ya yi mini alheri. Ga abin da zan yi muku. Ku bar mini wannan, ni kuma in daina jifa, in kama bakina har abada. Gida ya zauna lafiya, kowa da mutuncinsa. Ai ba ita kaɗai gare ku ba."

Ba ta dubi kowa ba da ta faɗi haka, amma Sabuwa ta san da wa ake ciniki. Abin da ta shekara bakwai tana so ne aka ajiye mata a faranti: ta yi shiru kawai, ta zama ita kaɗai, ba mai sani. Kuma gaskiyar magana, zuciyarta ta tsaya a kan farantin nan na ɗan lokaci, tsayawar da za ta tuna har ta mutu.

Malam ya ɗaga murya da ayoyin. Jikin Hajar ya sandare, sai wata 'yar murya ta ɓullo daga ƙarƙashin waccan, siririya, da gurguwar Hausarta.

"Yaya... sanyi. Igiya, Yaya."

Sabuwa ta juya ta shiga kicin. Suka ji ƙarar famfo. Ta fito da kwanon silba, ta ajiye a gaban mahaifinta, ta durƙusa ta naɗe hannun riga.

"Me kike yi?" ya tambaya.

"Jarka bakwai na kawo, Baba. Mu takwas ne."

Ta faɗi abin da ta ce a bakin gurbin, kalma da kalma, ba ta rage ba. Ba wanda ya motsa. Malam Buraima kaɗai ya gyaɗa kai, ya ce ta wanke fuska da hannu har gwiwa, da gwiwoyin ƙafa da ƙafafu, da gefen zanenta na ciki, duk a cikin kwanon. Ta yi, hawayenta suna bin ruwan. Ya ce ta zagaya bayan ƙanwarta ta ambaci sunan Allah, ta sa mata albarka, ta juye mata a ka gaba ɗaya.

"Butulu!" muryar ta yi ƙara. "Ke kika kira ni!"

"Na karɓi abina," in ji Sabuwa. "Masha Allah, Allah ya yi miki albarka, Hajar." Ta juye.

Hajar ta yi wata irin girgiza, ƙafarta ta hagu ta miƙe, ƙaramin yatsan ya karkaɗa ya saki. Can masallacin unguwa ladan ya ɗauki kiran magariba. Suka saurara, su duka, har ya kai ƙarshe. Ba abin da ya faɗo. Hajar ta buɗe ido ta ɗaga kai ta dubi wadda ke tsaye a kanta da kwano.

"Yaya," ta ce, "ruwanki da ɗumi."

Da Sabuwa ta buɗe gwangwanin madarar daga baya, ba tsakuwa ko ɗaya, sai ɗan ruwa a ƙasa.

Kwana uku Injiniya Jibrin bai yi mata magana ba. In ta gaishe shi sai ya amsa da ka, in ta kawo abinci sai ya jira ta fita. Ta ce a ranta tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ta ci gaba da aikinta. Malam Buraima dai kafin ya tafi ya tsaya da shi a bakin matakala, an ji yana cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Rana ta huɗu da hantsi ya kira ta falo. Wayarsa na hannunsa, bidiyon gangarar ƙarshe yana ta maimaituwa. Ba tsallen yake kallo ba. Ya tsayar da hoton a wani gefe inda igiya ta miƙe zuwa sama, a ƙarshenta hannu biyu, ba fuska.

"Ranar nan," ya ce, bai ɗago ba, "wa ya sauke ni?"

"Ni ce, Baba."

"Duk gangarorin?"

"Duka shida."

Ya ajiye wayar, ya ce ta kawo hannunta. Ta miƙa. Ya juya tafin, ya dubi sawun igiyar da ya warke ya bar baƙin layi biyu, ya riƙe shi bai saki ba, har shayin da ta kawo masa ya huce.